Dunƙulewar Duniya da Faɗuwar Darajar Kuɗi: Mas'alar Biyan Bashi a Fiƙihu

Daga cikin abubuwan da dunƙulewar duniya ta haifar wa al'ummomin Musulmi akwai rataye darajar kuɗinsu ga shawarwarin da ake yankewa a ƙasashe masu nisa. Lamarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin a ƙarni na 19 fataken Turai sun yi ta jibge wurin gaɓar Afirka ta Gabas a Afirka ta Yamma har darajarsa ta zube. Sai dai na wannan zamani ya fi sauri da faɗi.

A yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944 an ɗaure dalar Amurka da zinariya, aka ɗaure sauran kuɗaɗe da dala. A watan Agusta na 1971 Shugaba Nixon ya tsinke wannan igiya, takardar kuɗi ta rasa madogara sai amincewar jama'a da ikon hukuma. Nijeriya ta karya darajar naira a 1986, aka zabge rabin darajar sefa a Janairun 1994. Nairar da ta fi dala ƙarfi a 1980, a 2024 sai an tara fiye da 1,500 kafin a sayi dala guda.

Daga nan mas'ala ta taso: wanda ya ci bashi, ko mijin da aka jinkirta masa sadaki shekaru masu yawa, adadin da aka ambata zai biya ko ƙimarsa?

Jumhurun malamai, kuma shi ne mashhuri a mazhabar Malikiyya, sun tafi a kan biyan misli, domin sharɗanta ƙari a kan rance riba ce. Abu Yusuf ya ga a biya ƙima idan fulus ya yi tsada ko araha, kamar yadda Ibn Abidin ya fayyace a risalarsa Tanbihur Ruƙud. Ar-Rahuni, daga Malikawan baya, ya karkata ga lura da ƙima idan faɗuwar ta yi muni har abin da mai bin bashi zai karɓa ya zama kamar babu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta rinjayar da misli, ta kuma hana ɗaure bashi da hauhawar farashi.

Kowane ɓangare wata ɓarna yake gudu: wannan riba, wancan zaluntar mai taimako. Idan mai ba da rance ya san asara zai yi, ƙofar rancen alheri za ta rufe, talaka ya koma hannun masu bashi da ruwa.

Mafita tana nan cikin shari'a. Ya halatta a ƙulla bashin tun farko da zinariya ko da kuɗin da ya fi tsayuwa, a biya da shi. Kuma mustahabbi ne wanda ake bi ya kyautata biya da ƙarin da ba a sharɗanta ba, kamar yadda ya tabbata a Sunna. Allah ne Mafi sani.