Jajayen Fitilu Uku: Yadda Aka Yi Ta Sauya Cikin Xbox 360

A gaban na'urar gem ta Xbox 360 akwai wani zoben haske da ya kewaye madannin kunnawa, an raba shi gida huɗu. In lafiya lau ne, kore yake nunawa. In gida biyu suka yi ja, zafi ne ya yi mata yawa, hutu kawai take bukata. In kuwa gida uku suka yi ja, to wani abu ya mutu a ciki. Masu wasa suka laƙaba wa wannan alama sunan jan zoben ajali, kuma ita ce ta sa kamfanin Microsoft ya shafe shekaru yana sake fasalin cikin na'urar, sunanta kuwa na nan yadda yake.

An fitar da ita a Amurka ran 22 ga Nuwamba, 2005, shekara guda kafin Sony ya kawo PlayStation 3. Microsoft ya so ya riga abokin hamayyarsa shiga kasuwa, ya kuwa riga shi, sai dai sauri ya haifi nawa. Na'urori suka yi ta mutuwa a hannun jama'a, har a watan Yulin 2007 kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara uku a kan wannan matsala, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara.

Me ke kashe su? Na'urar tana da manyan cip guda biyu. Ɗaya na IBM ne, shi ke lissafi. Ɗayan na ATI ne, shi ke zana hoton da ake gani a talabijin. Kowane cip ɗan siririn falle ne da aka ɗora a kan wani ƙaramin faifai, kuma abin da ya haɗa su ɗigo-ɗigon dalma ne, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Ta nan wuta da saƙo ke bi. In an kunna gem, cip ya ɗau zafi, komai ya ɗan buɗe. In an kashe, ya huce, komai ya tsuke. Amma fallen da faifan ba abu ɗaya aka yi su da shi ba, don haka buɗewarsu ba ta zuwa daidai, ɗigon dalmar da ke tsakani shi ke shan ja. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙe ta har ta karye ya san ƙarshen wannan. Injiniyoyin kamfanin sun bayyana haka da bakinsu a wani fim na tarihin Xbox da aka fitar a 2021: yawan zafi da hucewa, zafi da hucewa, shi ya riƙa tsaga mahaɗin da ke cikin cip ɗin.

Wannan bayani ya warware wani abu da ya daɗe yana ruɗa mutane. A wancan lokaci wasu kan naɗe na'urar da tawul, su kunna ta har ta yi zafi zau, sai a ga ta tashi. Masu gyara kuma kan hura wa cip ɗin iska mai zafi. Takan yi aiki na ɗan lokaci, saboda zafin ya matse bakin tsagar, sannan jajayen fitilun su dawo. Ni dai ina ganin dabarar tawul ɓarna ce tsantsa, domin tana gasa sauran kayan da ba su da laifin komai.

Gyaran gaskiya a masana'anta aka yi shi, kuma sannu a hankali. Babban allon cikin na'urar na farko, mai suna Xenon, cip ɗinsa duka biyu a ma'aunin nanomita 90 aka ƙera su, tukunyar wutarsa kuma mai wat 203 ce. Ma'aunin nan yana nuna ƙanƙantar hanyoyin wutar da ke cikin cip. In suka ƙara ƙanƙanta, wutar da ake ci ta ragu, zafi ma ya ragu. A 2007 aka kawo Zephyr, wanda ya zo da kafar HDMI, aka kuma ƙara wa cip ɗin hoto ƙarfen janye zafi. Wannan rage raɗaɗi ne kawai. A ƙarshen shekarar Falcon ya fito, cip ɗin lissafi ya sauka zuwa nanomita 65, tukunyar wuta ta koma wat 175. Amma cip ɗin hoto, wanda shi ne ya fi ba da wahala, sai a ƙarshen 2008 ya bi sahu, a allon Jasper mai wat 150. Jasper ne ya dawo wa na'urar da mutuncinta, kuma har yau shi masu neman tsohon samfuri suka fi so.

Sauyin da ya fi burge ni shi ne na 2010, lokacin da aka fitar da Xbox 360 S. A nan an haɗe cip ɗin lissafi da na hoto sun zama ɗaya, a ma'aunin nanomita 45, fanka guda babba ta wadatar, ƙara ta ragu, aka kuma sa Wi-Fi a ciki. To amma da maƙwabtan nan biyu suka koma ɗaki ɗaya, saƙo tsakaninsu zai riƙa isa da sauri fiye da dā. A kwamfuta wannan abin murna ne. A na'urar gem kuwa haɗari ne, domin masu rubuta wasanni sun auna komai a kan saurin na'urar 2005, kuma faifan gem da aka saya shekaru biyar baya dole ya yi aiki daidai yadda ya saba. Saboda haka injiniyoyi suka sa wani sashe a cikin sabon cip ɗin wanda aikinsa shi ne ya kwaikwayi jinkirin tsohuwar hanyar. Da gangan aka riƙe shi kada ya wuce na dā. Abin da aka yarda ya sauya shi ne zafi da ƙara da cin wuta da kuɗin ƙerawa.

Samfurin E ya biyo baya a 2013, aka daina ƙera na'urar a 2016, bayan an sayar da fiye da miliyan 80.

Da yawa daga cikinsu na nan suna yawo a kasuwannin kayan gwanjo, kuma farar Xenon da farar Jasper kamanninsu ɗaya in an dube su ta gaba. Mai saye ya juya bayanta ya karanta takardar da ke manne a wurin. In ya ga 16.5A a gefen 12V, zamanin Xenon da Zephyr ce. In 14.2A ne, zamanin Falcon ce. In 12.1A ne, Jasper ce. Ya kuma duba tukunyar wutar, domin wadda aka yi wa Amurka ta wuta mai ƙarfin 100 zuwa 127 ce, in aka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu na 230 ƙonewa za ta yi.