Gudu Ba Ya Ceton Mai Keke Daga Zakin Dutse

A watan Mayun 2018, zakin dutse, wata dabba dangin damisa, ya afka wa masu keke biyu a dajin jihar Washington ta Amurka. Ya cafke ɗaya, amma da ɗayan ya ruga sai ya saki na farko, ya bi shi ya kashe.

Gudu ne ke tunzura wannan dabba, kuma ta fi keke sauri. Saboda haka jami'an gandun daji ke shawartar mai keke ya sauka, ya fuskance ta, ya ɗaga kekensa sama, yana ihu yana ja da baya sannu a hankali. Idan ta kawo hari, ya kare wuyansa, ya yaƙe ta da dutse ko sanda.

A 2024, a jihar dai, wasu mata sun danne irinta da keke, suka ceci abokiyarsu.