Sufana a hannun mai moto: inda gyara ke zama ɓarna

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa kwalta ɗaya ce, babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai, ta ratsa Maraɗi da Agiye, ta nufi Tasawa da Damagaram. Da ka sauka daga kanta sai rairayi. A can moto ne komai: shi ke kai buhun aya kasuwa, shi ke kai mai naƙuda likita, shi ne abincin ɗan kabu-kabu. Idan ya tsaya a jigawa bayan Gangara babu garaji kusa, dole mai shi ya san wani abu da hannunsa. Ban ga laifin haka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda gyaran jaka ɗaya ke komawa asarar kuɗin tunkiya.

Na taso a rumfar yayana, bakanike ne a Agiye, ina wanke masa sufanu. Mafi yawan injinan da ake turo masa ba tsufa ya kashe su ba, hannun mai su ne.

A fara da soson iska. Ɗan soso ne a cikin akwati ƙarƙashin kujera, aikinsa tare ƙura kafin iska ta shiga kafireto. Lokacin hunturu yakan toshe, moto ya riƙa shaƙewa. Sai mai shi ya cire shi ya jefar, ya ji moto ya sake, ya ce ya gano cutar. Daga ranar rairayi ke shiga kai tsaye, yana goge silinda da ringin fistan kamar dutsen wasa wuƙa. Kafin damina hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na bin sa, baƙin mai na ƙarewa. Alhali wanke soson kawai ake yi, a bar shi ya bushe, a shafa masa ɗan mai, a matse, a mayar.

Sai juyen mai. Irin motocinmu masu ƙarfin 125 ba su shan fiye da kimanin lita ɗaya. Wani ya ƙara don "ya ƙoshi", man ya yi kumfa ya tsiyayo ta ko'ina. Wani ya sayi wanda aka juye daga mota don araha, baƙi ƙirin da garin ƙarfe a ciki. Amma babban abin takaici shi ne notin ƙasa, wanda ake kwancewa a zubar da tsohon mai. Notin ƙarfe ne, gindin injin kuwa alminiyam ne mai laushi. Na ga wani saurayi daga wajen Tibiri da ya sa bututu a kan sufana ya taka da ƙafa don kada mai ya ɗiga. Zaren ya cinye, notin na juyawa ba ya kamawa. Ya naɗe shi da leda ya kama hanya. Man ya zube sannu a hankali, inji ya buga.

Da aka turo masa moton, yayana ya juya notin a tafin hannunsa, ga zaren alminiyam ya nannaɗe a jikinsa, ya ce: "Ƙanena, wannan ba ƙarfi yake so ba. In ya zauna, ɗan ƙara kaɗan ka tsaya."

Haka buji yake. A bar inji ya huce, a fara ɗaura shi da yatsu. In ya cije tun farko, ya shiga a karkace ne, a warware a sake. Wanda ya tilasta shi da sufana ya lalata kan inji.

Shi ma man fetur yana da nasa. Matatar SORAZ ta fara tace mai a Damagaram a 2011, Najeriya kuma ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, amma a ƙauye har yanzu kwalbar ƴan ruwa-ruwa ce gidan mai. Datti ko ɗigon ruwa daga jarka na toshe ƴar ƙaramar kafar da ke cikin kafireto. Sai a ɗauko allura a sossoke ta, ramin ya faɗaɗa, moto ya koma shan mai ba ƙima. Iska ake hura mata. Tace mai da tsabtataccen ƙyalle kafin a zuba ya fi duk wannan sauƙi. Kuma don Allah, mai wanke kaya da fetur ya nisanci murhun mai shayi da sigari.

Akwai iyaka. Juyen mai, soso, buji, da sarƙa wadda ake bar wa sassaucin kamar yatsa biyu, duk aikin mai moto ne, kuma ya kamata kowa ya iya. Buɗe cikin inji kuwa sana'a ce. Sarƙar da ke daidaita bawul tana da alamomin da dole su haɗu. In ta kauce da ƴan haƙora, fistan na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Ƴar wayar da ke riƙe sandar fistan, in aka manta ta, silinda ta tafi. Garin neman gira ake rasa ido.

Roƙona ga makanikai shi ne su daina korar mai moto zuwa inuwa. Su bar shi ya tsuguna ya gani, su nuna masa abin da zai iya da wanda zai bari. Ba za su rasa ciniki ba, domin wanda ya san iyakarsa shi ke kawo moto tun ciwon yana ƙarami.