Ƙarancin ruwa a Minna: Yadda nauyin ke sauka kan mata da yara masu buƙata ta musamman

A Jihar Neja ne madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru suke, waɗanda ke samar wa ƙasa wutar lantarki. Amma a Minna, babban birnin jihar tun 1976, gidaje da dama kan kwashe kwanaki famfo bai ɗiga ba, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da rani ya tsananta.

Ruwan famfon birnin ya dogara ne kan madatsar Tagwai, mai shayar da matatar Chanchaga, da kuma tsohuwar madatsar Bosso. Tun bayan gina su garin ya bunƙasa, unguwanni irin su Kpakungu, Maitumbi da Barkin Sale suka faɗaɗa fiye da inda bututu ya kai. Ga shi kuma Minna a kan dutse take, shi ya sa rijiyoyin gida ke saurin ƙafewa.

Idan famfo ya tsaya, magidanci mai hali zai kira ɗan ga-ruwa ya juye masa kura guda. Gidan da babu hali kuwa, sai uwa ko 'yarta ta ɗauki jarka ta nufi layin rijiyar burtsatse. Wani rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF na 2023 ya nuna cewa a cikin kowane gidaje 10 da ba su da ruwa a harabarsu, mata da 'yan mata ne ke ɗebo shi a gidaje 7. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, kuma da wuya sawu ɗaya ya ishi girki da wanka da wanki. Yarinyar da ta shiga layi da asuba takan isa aji a makare, a gajiye. Idan ta fara al'ada kuma babu ruwa a banɗakin makaranta, sau da yawa zaman gida take zaɓa har kwanakin su wuce.

Wanda aka fi mantawa da shi a wannan lissafi shi ne yaro mai buƙata ta musamman. Yaron da shan inna ya taɓa, mai tafiya da hannu a ƙasa, ya fi kowa buƙatar wanke hannu, domin duk ƙazantar hanya da ta banɗaki a tafinsa take ƙarewa. Wanda ba ya iya riƙe fitsari kullum sai an wanke masa tufafi da shimfiɗa. Ke nan gidansu ya fi na maƙwabta cin ruwa, alhali uwar ba ta iya barinsa shi kaɗai ta je ta yi awa biyu a layi. Ko ta saya da tsada, ko aikin ya koma kan yayarsa.

Ko da an kai shi bakin rijiyar, ba a gina ta dominsa ba. Dakalin siminti mai tudu da caɓin da ke kewaye da shi ba sa barin keken guragu ya ƙarasa, hannun famfon tuƙa-tuƙa na buƙatar ƙarfi da tsayuwa, makaho kuma babu abin da zai dafa.

A hukumance an san da matsalar. A Nuwamban 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsaftar muhalli. A Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Gyaran da rijiya ke buƙata ba mai tsada ba ne: gangara a madadin matakala, ƙarfen dafawa, da kan famfo da mai zaune zai iya kaiwa. Wa'adin da dokar ta ɗiba ya cika tun Janairun 2024.