So, Do, Mi, La: Yadda Ake Saita Ukulele da Kunne a Kudancin Kaduna

A majami'un Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, ba da waƙa ake fara gwajin waƙa ba. Da saiti ake farawa. Mai jita zai sunkuya yana murɗa ƙusoshin da ke kan jitarsa, mai kibod yana danna masa murya ɗaya yana maimaitawa, 'yan kwaya kuma suna jira. In an tsallake wannan ɗan aiki, komai ƙwarewar makaɗi, waƙar za ta fito da tsami, jama'a su ji akwai abin da bai zauna ba ko da ba su iya faɗin mene ne.

A yau samari da yawa sun bar wa wayar hannu wannan aiki: a buɗe manhaja, a kaɗa tsirkiya, a jira allo ya nuna kore. Wayar tana da amfani, amma yaron da ya tashi a kwaya a wannan yanki yana ɗauke da abin da ya fi ta, wato kunnen da ya saba da do, re, mi. Ba kayan kiɗan da ya fi ukulele sauƙin nuna haka.

Ƙanwar jita daga Hawai

Ukulele 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu na nailan. A kudancin Kaduna baƙuwa ce, domin jita, kibod, ganguna da tulun zumuntar mata su ne 'yan gida. Amma ta dace da wurin: ba ta buƙatar wuta, ba ta da nauyi, tsirkiyoyinta ba sa yanka yatsun yaro kamar wayoyin ƙarfe, don haka ta yi daidai da makarantar Lahadi da ajin firamare.

A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya isa Honolulu ɗauke da 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, waɗanda suka zo aikin gonakin rake. Cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes, Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka riƙa ƙera ƙananan jitocin ƙasarsu da katakon Hawai, daga nan ne ukulele ta samo asali. Sarkin tsibiran, Kalakaua, ya ɗauke ta ya shigar da ita fada, sannan baje-kolin San Faransisko na 1915 ya yaɗa ta cikin Amurka. Girmanta huɗu ne: soprano, concert, tenor da baritone. Ukun farko saitinsu ɗaya, kuma a kansu wannan bayani yake.

Abubuwa uku da ke juya murya

In ka ja tsirkiya ka saki, kaɗawa take yi gaba da baya, tana tura iska zuwa kunne. Yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne ke sa murya ta yi sama ko ta yi ƙasa. Wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta ƙa'idar a littafinsa na 1636, amma makaɗan ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da ita da hannu.

Na farko tsawo. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tal ke kan kuntiginsa, duk muryoyin da ya fitar kuwa da yatsa ya fitar, yana rage tsawon da ke kaɗawa. Rabin tsawo yana ninka kaɗawa sau biyu, ya ba ka do na sama a madadin do na ƙasa. Haka abin yake a kayan busa: a bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, dogon ƙaho ne ke ba da kakkaurar murya, gajere ya ba da siririya.

Na biyu ɗamewa. Mai kalangu in ya matse tsirkiyoyin da hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. In ya sassauta, ta sauka. Ƙusoshin ukulele wannan aikin suke yi. Sai dai lissafin ba ɗaya-da-ɗaya ba ne: kafin ka ninka kaɗawa sau biyu, sai ka ninka ɗamewa sau huɗu. Shi ya sa wanda ya ɓace hanya yana neman muryar da ta wuce tasa sama yake tsinke tsirkiya.

Na uku kauri. Kakkaurar tsirkiya tana da nauyi, tana kaɗawa a hankali, muryarta ƙasa. A ukulele, ta biyu daga sama ce ta fi kauri, kuma nan ne masu jita ke rikicewa.

Tsirkiya huɗu da sunayensu

Riƙe ukulele a ƙirji, wuyanta a hannun hagu. Tsirkiyar da ke kusa da haɓarka ita ce G, sai C, sai E, sai A wadda ke kusa da cinyarka. A harshen kwaya, in C ce do, to jerin shi ne so, do, mi, la. G tana kaɗawa sau 392 a daƙiƙa, C kimanin 262, E kimanin 330, A kuma 440.

Dubi lambobin da kyau. A jita, murya tana hawa ne daga tsirkiyar sama zuwa ta ƙasa a jere. A ukulele kuwa, ta sama siririya ce, muryarta ta fi ta C da ta E tsayi. Ka fara daga so na sama, ka faɗo do, ka hau mi, ka ƙare a la. Wannan tsarin ne ke ba ta zaƙin nan nata, domin ko sama ka kaɗa ko ƙasa, da siririyar murya kake farawa.

Lambar 440 kuwa yarjejeniya ce kawai. Taron da aka yi a Landan a 1939 ne ya amince da ita a matsayin A, hukumar ma'auni ta duniya ta tabbatar da ita daga baya. Kibod ɗin da ke majami'a a Kafanchan da wanda ke Jamus a kanta aka gina su.

Yadda ake yi da kunne

Murya ɗaya kawai kake buƙata daga waje. Ka ce wa mai kibod ya ba ka C ta tsakiya, ka saita kakkaurar tsirkiya da ita. In jita ce kusa, kuma saitinta daidai ne, siririyar wayarta ta ƙarshe muryarta ɗaya da E ta ukulele, sai ka fara daga nan.

A wuyan ukulele akwai ƙarafa a gicciye, tsakanin kowane biyu gida ɗaya. Danna tsirkiyar C a gida na huɗu: muryar da ta fito ita ce E. Kaɗa tsirkiyar E ba tare da dannawa ba, ka murɗa har su haɗu. Sannan danna E a gida na biyar ka sami A. Danna E ɗin dai a gida na uku ka sami G. Don tabbatarwa, danna G a gida na biyu: dole ta yi daidai da A. In ba ta yi ba, kuskure ya shiga a hanya, ka koma farko.

To yaya za ka san sun haɗu? Kaɗa su tare ka kasa kunne. In sun yi kusa amma ba su daidaita ba, za ka ji sautin yana lilo, wau-wau-wau, yana ƙaruwa yana raguwa. Yawan lilon shi ne bambancin da ke tsakaninsu: in ɗaya tana 440 ɗaya tana 437, sau uku zai yi a daƙiƙa. Kana murɗawa daidai, lilon yana jinkiri, yana jinkiri, har ya kwanta, muryoyin biyu su zama ɗaya. In ya ƙara sauri, ka san baya kake yi. An ce gani ya kori ji, amma a wannan wuri ji ne ya kori gani, domin kunnen da ya koyi jin lilo ba ya buƙatar allo.

Ka riƙa hawa zuwa murya daga ƙasa. In ka zarce, kada ka ɗan sassauta ka tsaya nan; sauko ƙasa da ita sosai, ka sake hawa a hankali. Haƙoran ƙusa suna da ɗan sako-sako, kuma tsirkiya kan maƙale a tsagin da ke kan wuya, don haka wadda aka saita ta hanyar sassautawa takan zame da an fara kiɗa. Bayan ka gama huɗun ka sake zagayawa, saboda ɗame ɗaya yana ɗan jan katako ya taɓa sauran. A ƙarshe danna A a gida na uku ka kaɗa duka: ya kamata ka ji do, mi, so sun zauna lafiya.

Tarkuna a cikin majami'a

Tarkon farko yana jikin kibod. Masu kibod da yawa a Najeriya a maɓalli ɗaya suka ƙware, sai su yi amfani da madannin da ke ɗaga ko sauke muryar kibod gaba ɗaya don bin mai waƙa. In an bar shi a kunne tun sujadar jiya, abin da aka danna maka da sunan C ba C ba ne. Kafin ka karɓi murya, ka tambaya ko an mayar da shi sifili.

Na biyu hayaniya. Manhajar waya da makirfo take ji, kuma ba ta bambanta tsirkiyarka da ƙugin janareto, gwajin lasifika ko bugun ganga. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a kan ukulele ta fi ta a irin wannan wuri, domin girgizar katako take karantawa, ba iska ba.

Na uku sabuwar tsirkiya. Nailan yana miƙewa na kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin ya tsaya. Mai koyo sai ya ɗauka kayan ne jabu. Ba haka ba ne: ka riƙa ɗan jan kowace tsirkiya da yatsa a hankali kana sake saitawa. Kuma kada a canja tsirkiya daren Asabar in ana da kiɗa ranar Lahadi.

Na huɗu ya fi tsada. In tsirkiya ta tsinke, wayar jita ta ƙarfe ce ta fi sauƙin samu a shago. Kada ka ɗaura ta. Jan ƙarfe ya fi ƙarfin katakon ukulele, zai iya ɓamɓare wurin da aka ɗaure tsirkiyoyin a ciki ko ya lanƙwasa wuya. In ta matsa, igiyar fatsa mai kaurin da ya dace ta fi.

Akwai kuma ciwon da saiti ba ya magani. Danna kowace tsirkiya a gida na 12, wanda yake daidai rabin tsawonta. Ya kamata ka ji muryarta ta asali amma a sama. In ta zarce sosai, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya ko an kafa madogararsu ba daidai ba. Ka yi wannan gwaji kafin ka biya kuɗi.

Damina da hunturu

Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Masu ƙera jita sun fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Kafanchan kuwa, a gindin tsaunukan Kagoro, tana samun ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, a Agusta laima takan haura kashi 80. Da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, takan faɗo ƙasa da kashi 20. Ƙofar katakon da ke cijewa da damina ta koma sako-sako da rani, abin da ke samunta shi ke samun ukulele.

Da damina cikinta yana ɗan tasowa, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, dannawa ta yi wuya. Da hunturu cikin yana lotsawa, tsirkiya ta riƙa gogar ƙarafa tana zuza, bakin ƙarafan su fito suna kartar hannu, wani lokaci katakon ya tsage. Lokacin kuma shi ne na Kirsimeti da bukukuwa, lokacin da aka fi fita da kayan kiɗa. Maganin mai sauƙi ne: a ajiye ta cikin jakarta, da hunturu a sa ɗan soso mai danshi, wanda aka matse sosai, cikin leda mai huji a gefenta. Kada a bar ta a mota cikin rana, ko kusa da murhu. In an kawo ta daga waje, a bar ta ta huta ɗan lokaci kafin a saita.

Saiti da wa?

Mai goge ko mai gurmi ba ya tambayar 440. Haruna Uji da gurminsa, ko Ibrahim Na Habu da kukumarsa, da muryarsu suka riƙa daidaita tsirkiya, in maƙogwaro ya gaji a ɗan sauke. Mai ukulele ma yana da wannan 'yanci in shi kaɗai ne: muddin so, do, mi, la sun jitu a tsakaninsu, ko duka sun ɗan sauka ba laifi. Amma da zarar kibod ko wata jita ta shigo, dole kowa ya koma ma'auni ɗaya.

Do-re-mi ɗin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 ya iso nan tare da mishan, waɗanda suka buɗe tasha a Kwoi tun 1910, kuma a Kagoro aka kafa majami'ar ECWA a 1954. Tsararraki sun yi ta rera waɗannan muryoyi a kwaya. Abin da ya rage shi ne shugabannin kwaya da malaman makaranta su haɗa wannan gado da kayan kiɗa. Minti biyar a farkon kowane gwaji sun isa: a sassauta tsirkiya ɗaya da gangan, a miƙa wa yaro, a sa sauran su rera masa mi har ya same ta, sannan a duba waya a ga ko ya dace. Wanda ya iya haka a kan tsirkiya huɗu ya kusa iya jita, domin in ka danne siraran wayoyin jita huɗu a gida na biyar, G, C, E da A za ka ji. Wayoyi biyu ne kawai suka rage masa ya koya.