Magana da Hasumiya Kafin Saukar Ƙaramin Jirgi

Matuƙin ƙaramin jirgi da ya doshi filin da ke da hasumiya, kamar na Malam Aminu Kano, yana magana da jami'an kula da zirga-zirga ta rediyo, a kan mita tsakanin megahaz 118 zuwa 137, da Turancin da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsara. Tun daga nesa yakan saurari sanarwar yanayi, ya ji titin da ake amfani da shi da inda iska ke kaɗawa. Sannan ya kira, ya faɗi lambar jirginsa, wadda a Najeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma 5U, ya faɗi inda yake da tsayinsa da abin da yake buƙata.

Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare tsakanin sababbin matuƙa, wato amsa kowane umarni da "Roger". Kalmar nan ma'anarta "na ji", iyakarta ke nan. Ba ta nuna abin da kunne ya ɗauka. Doka ta wajabta a maimaita wa jami'i izinin sauka da lambar titi da tsayin da aka bayar da awon nauyin iska, baki da baki. A ce jami'i ya bayar da awon nauyin iska 1003, matuƙi ya ji 1013 ya saita agogon tsayinsa a kai. Agogon zai nuna masa yana sama da inda yake da kusan ƙafa 300. A ranar da hazon hunturu ya rufe gari, wannan tazarar ta isa ta kai jirgi kan turken wuta. Da ya maimaita lambar, da jami'in ya gyara masa nan take.

Yawancin abin da ke jawo wannan ɗabi'a ta amsawa da "Roger" kunya ce, kada manyan matuƙa su ji an nuna rashin ƙwarewa. Abin takaici ne, domin mai tambaya ba ya ɓata. Wanda bai ji sosai ba ya ce "Say again". Wanda aka ba umarnin da ya fi ƙarfin jirginsa ya ce "Unable". Wanda ke cikin haɗari ya furta "Mayday" sau uku. A Janairun 1990 jirgin Avianca ya faɗi kusa da New York bayan mai ya ƙare masa, mutum 73 suka mutu. Matuƙan sun yi ta ambaton ƙarancin mai, amma ba su furta kalmar gaggawa ba.

Ya kamata matuƙi ya saurara kafin ya danna maɓallin rediyo, don idan biyu suka yi magana lokaci guda, ƙara kawai ake ji. Ya tsara maganarsa a zuci, ya taƙaita, ya riƙe biro da takarda a gwiwa don rubuta lambobi.

Idan rediyo ta mutu, sai ya sa 7600 a na'urar da ke nuna shi a rada, ya dubi hasumiya. Koriyar fitila tsayayya izinin sauka ce, ja tsayayya kuma na nufin ya ba wani hanya ya ci gaba da kewayawa.