I'itikafi a tsakiyar noman rani: Wa zai ba gonar mai ibada ruwa?

A 'yan shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa ne a tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam ba su da lokacin kansu. Tumatir ya nuna, alkama ta kusa isa yanka, motoci sun jeru a kasuwar Kwanar Gafan suna jiran kwanduna.

A 2025, goman ƙarshe ta kama ne daga wajen 20 ga Maris. A irin wannan lokaci ne wasu manoman ke naɗe tabarma, su ɗauki buta da Alƙur'ani, su tare a masallacin Juma'a don i'itikafi.

Sharuɗɗan ba su da sauƙi ga manomi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, mai i'itikafi yana shiga ne kafin faɗuwar rana, kuma ba ya fita sai don biyan buƙatar da ta zama dole. Ba ya zuwa dubiya, ba ya zuwa jana'iza, ba ya fita don ciniki. Leƙa gona kuwa ba a ma maganarsa.

Ita kuma gona ba ta san da wannan ba. Ruwan da ake noma da shi a yankin yana fitowa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya biyo manyan hanyoyin ruwa da ke ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sannan ya rarrabu zuwa gonaki. Idan ruwa ya zo ba a samu mai buɗe wa kwami ba, ya wuce ke nan. Tumatirin da ya nuna ba a tsinke shi ba, kwana kaɗan ne zai ruɓe a jikin uwarsa. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a 2016, har yanzu ba a daina fargabarta ba.

To me ke sa mutum ya bar duk wannan?

Neman daren Lailatul Ƙadri ne kan gaba. Amma akwai wani abu da wanda ya taɓa zaman ke saurin ganewa. A waje, akwai mai kadada biyar, akwai mai aron fili, akwai dillali. A cikin masallaci kuwa tabarma ɗaya ce, kwanon buɗa-baki ɗaya ne. Wanda ya makara maƙwabcinsa ne zai taɓa masa ƙafa don sahur. Wanda karatunsa bai yi nisa ba zai samu mai gyara masa, wataƙila yaron da ya haifa ne ma a shekaru. Bayan kwana uku zuwa huɗu, kowa ya san tarin kowa da wurin kwanciyarsa, kuma idan aka rasa mutum a sahu sai an tambaya. Mutanen da suka taɓa sa-in-sa a kan ruwa sukan samu kansu kafaɗa da kafaɗa a tahajjud, ba yadda za su yi.

Ba kowa ne ke riƙe zaman yadda ya kamata ba, gaskiya. Wayar hannu ta shigo, kuma wanda ke cinikin kwando da dillali daga kusurwar masallaci, jikinsa ne kawai ya shiga i'itikafi.

Waɗanda ba a cika ambata ba su ne na waje: ƙanen da ya karɓi ban-ruwa a kan nasa aikin, maƙwabcin gona da ya sa ido a kan feshi, matar da ke girki tana aiko yaro da kwano safe da yamma. Ba don su ba, babu manomin da zai iya kwana goma a masallaci.

Shi ya sa ɗan ƙwadagon da sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa ba ya samun wannan dama. Malamai na tunatarwa cewa i'itikafi nafila ne, ciyar da iyali kuwa wajibi ne.

Wanda ya kai ƙarshen wata, abin da Malikiyya suka fi so shi ne ya kwana a masallaci daren Sallah, daga nan ya wuce filin Idi. Sai an sauko ne zai je ya ga yadda aka riƙe masa gona.